Watan da Illo ya zaɓa

Illo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da izinin tsokanarsa tun muna yawo ba wando, kuma ban taɓa barin izinin nan ya zauna banza ba. Amma abin da zan rubuta yau babu wasa a ciki. Fiye da shekara talatin Illo ya yi yana auna ruwan sama a ƙauyenmu, cikin karkarar Ɗan Kassari, kuma a iya sanina sau ɗaya tak ya yi kuskure a kan damina. Kuskuren ya ci masa ɗansa na fari, kuma ni Shu'aibu da hannuna a ciki.

Aikin awon ruwa ya same shi ne tun yana saurayi. Ma'aikatan gona suka zo daga Dogon Dutsi da wata roba mai zane-zane, suka nemi wanda ya iya rubuta lamba, aka nuna musu Illo saboda ya yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko. Suka kafa robar a kan ƙarfe bayan gidansa, suka ba shi littafi da biro, suka tafi. Babu albashi, babu ko hula. Shi kuwa ya ɗauki abin kamar an naɗa shi sarauta. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, zai je ya tsuguna sai idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, ya rubuta, sannan ya aika da lambar gari. Idan rediyo ta ambaci sunan ƙauyenmu da milimita kaza, ranar ba a iya zama kusa da shi don fankama.

Wata shekara cikin tsakiyar bazara, ko gajimare babu, na lallaɓa na juye masa buta guda a robar. Sai bayan sati na ga ya rubuta a littafin: "Ruwan Shu'aibu, milimita tara, bai isa shuka ba."

Mutane suna yi masa dariya, amma ba mai taɓa irinsa sai ya ji ta bakinsa. In ruwan farko ya sauka kowa jikinsa na rawa, Illo zai ce a dakata, wannan na yaudara ne. Waɗanda suka ƙi ji sukan yi shuka biyu. Da haka ya zama mutumin da in ya yi magana a kan sama ba a musu da shi, har shi kansa ya manta cewa ana iya yi.

Ɗansa Abdulhakim yana gyaran waya a wata 'yar rumfa bakin kwalta a Dogon Dutsi. Yaro ne mai sanyin hali, ɗan gemu, wando a ɗage, ba ya wasa da jam'i. Illo bai taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari, sai dai "yaron nan" ko "wancan na gari". In yaron ya zo gida, Illo zai kawar da kai kamar bai gan shi ba, alhali tun safe yake leƙen hanya.

Abdulhakim yana da aboki, Mus'ab, wanda ya tafi Amurka ta wata hanya da samari suka gano. Ana hawa jirgi zuwa Brazil, a bi motoci ƙasa bayan ƙasa, sai a zo wani daji tsakanin Kolombiya da Panama inda babu titi, a taka da ƙafa wajen sati guda ana ƙetare koguna. Mus'ab ya bi dajin a watan Fabrairu, ruwa iya gwiwa, ya isa lafiya. Da shekara ta zagayo ya aiko wa abokinsa saƙo cewa in zai zo, ya zo kafin ƙarshen Maris, kada ya wuce haka.

Cikin Janairu Abdulhakim ya zo ya durƙusa gaban ubansa ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce ba zai taka ko'ina ba sai da albarkarsa. Illo ya yi kwana uku bai ba shi amsa ba. Na san abin da ke cinsa. Bai son yaron ya tafi, kuma bakinsa ba zai iya furta haka ga ɗan fari ba. To sai ya koma inda yake da ƙarfi, ya kama maganar wata.

A wurinmu matafiyi ƙishirwa ke kashe shi. Habu na gidan maƙera a hanyar Libiya ya mutu cikin zafin Mayu, da bidon ruwa, wato jarka, busasshe a gefensa. Kuma tun kakanni namiji ba ya barin gida gab da damina. Sai an yanke hatsi an zuba a rumbu, sama ta bushe, hanya ta yi sanyi, sannan a tafi cin rani. Wanda ya ce zai fita cikin Maris, a ganin Illo, ko bai da hankali ko bai da uba.

Suka zo gidana su biyu, saboda ni ne tsohon mushe, wato malamin lakwal, na koyar shekara ashirin da takwas. Ina da wata tsohuwar taswirar duniya mai siffar ƙwallo wadda lakwal ta jefar na liƙe ta. Illo ya ce in nuna masa Panamar nan. Na ɗora yatsa a kan Nijar, na juya ƙwallon a hankali har yatsana ya ƙetare teku, na sauko kaɗan, ga ta. Na ce musu tunda suna sama da layin tsakiyar duniya kamar mu, daminarsu lokacin tamu ce, ta zo tare ta ɗauke tare. Allah ya sani na ji daɗin kaina da na faɗi haka. Ban taɓa karanta shi a ko'ina ba, hankali kawai na bi.

Illo ya buɗe littattafansa, ya nuna wa yaron shafi bayan shafi. A duk shekarun nan, bayan sha biyar ga Oktoba ba a taɓa yin ruwan da ya wuce ya jiƙa ƙasa ba.

"Baba," in ji Abdulhakim, "Mus'ab ya ce yanzu na sezon mai kyau can, lokacin da ba a ruwa. Na duba cikin waya, su ma haka sunka ce. Ga shi ka gani."

Illo bai ko kalli wayar ba. "Mus'ab mi yas sani ga ruwa? Yaron da ko gonar ubanai bai taɓa shibkawa ba? In kana son albarkata, ka tsaya mu yi noma. In munka kai hatsi rumbu, ka tahi."

Ni kuma na ƙara gishiri, na ce waya kowane shirme ana zubawa a cikinta. Yaron ya dube ni, ya dubi ubansa, ya mayar da wayar aljihu. Ya ce, "To Baba, yadda kac ce."

Daminar nan ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Abdulhakim ya rufe rumfarsa ya dawo ƙauye, suka yi shuka tare, suka yi noman farko da maimai kafaɗa da kafaɗa. Ban taɓa ganin Illo da walwala irin ta watannin nan ba. Yakan tsaya a bakin gona ya ce mini, "Wancan na gari ashe bai manta hauya ba." Gero ya yi, wake ya yi, har dawar fadama ta ba da mamaki.

Ran ashirin ga Oktoba yaron ya tafi. Illo ya ɗinke masa bidon ruwa da buhu don ya riƙa sanyi, ya ba shi rawaninsa na kare rana, ya yi ta nanata masa kada ya shanye ruwansa gaba ɗaya. Uwar yaron, Habsatu, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin fura. Muka raka shi a amalanke har inda ake samun mota. Illo ya ɗora masa hannu a ka, ya sa albarka da ƙarfi kowa na ji, sannan ya juya yana gyara igiyar jakin da ba abin da ya same ta.

Saƙonni suka riƙa zuwa ta wayata, don ta Illo ba ta ɗaukar murya. Ga shi a Brazil, ga shi a mota kwana biyu, ga shi a wani gari mai duwatsu. Saƙon ƙarshe daga garin da ke bakin dajin ya zo, farkon Nuwamba. Muna jin ƙarar ruwa a kan kwano a bayan muryarsa. Ya ce, "Baba, kwana huɗu ke nan ana ruwa bai ɗauke ba. Gobe za mu shiga. A sa mu addu'a."

Illo ya saurara sau biyu, ya ce, "Ruwan bankwana na, gobe shi ɗauke." Na ce haka ne. Amma a raina na san ruwan bankwana ba ya kwana huɗu.

Kwana tara ba labari. A na goma, bayan la'asar, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Wani ne mai suna Mahmudu, mutumin Gaya, wanda suka shiga dajin tare, yana magana daga wani sansani a Panama. Ya ce a rana ta huɗu suna ƙetare kogi riƙe da igiya, ruwa iya ƙugu, sai ambaliya ta gangaro daga tudu ba zato, kafin a ce kwabo ta kai ƙirji. Ta tafi da mutum uku, har da Abdulhakim. Sun nema har yamma ba su ga ko takalminsa ba. Ya ƙara da cewa masu yi musu jagora sun faɗa tun farko, a duk shekara babu watan da ya kai wannan muni.

Na je na gaya wa Illo kogi ya ci ɗansa. Maganar wata kuwa na haɗiye ta. Na ce wa kaina tausayinsa nake ji, amma gaskiya rabin tsoron na kaina ne.

Aka yi masa salla ba gawa, aka zauna kwana uku. Illo ya karɓi gaisuwa kamar dutse. Damina ta zagayo ya ci gaba da tsugunawa gaban robarsa, wata ta sake zagayowa haka. Sai dai ya daina fankama, ni kuma na daina tsokanarsa, har mutane suka ɗauka faɗa muka yi.

Wata safiya bayan kaka, shekara biyu cif, ya same ni a gindin itacen bedin ƙofar gidana. Ya zauna, ya ce, "Mushe, buɗe wayarka. Ina son in ji ruwan ƙasar nan wata-wata, awa yadda nika rubuta namu."

Na ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba kyau yau. Ya ce zai jira. Na ce caji ya kusa ƙarewa. Ya dube ni irin kallon da ya san ni tun ba wando, ya ce, "Shu'aibu, karanta."

Na nemo na karanta masa. Janairu kaɗan. Fabrairu da Maris kusan babu. Daga Mayu lambobin suka fara hawa kamar namu, har nan ban yi ƙarya ba. Amma inda namu ke sauka, nasu ƙaruwa yake. Oktoba ya fi Satumba. Sai na zo kan Nuwamba. Sama da milimita ɗari uku.

"Nuwamba shi ɗai?"

"Shi kaɗai."

Ba sai an fassara wa Illo lamba ba. Ya san wannan ya fi rabin abin da muke samu a shekara. Ya ce in sake karanta masa Maris, na sake.

"Ashe yaron gaskiya yah hwaɗi," in ji shi.

Na ce masa laifina ne, ni na juya ƙwallo, ni na ce waya shirme ce, kuma Mahmudu ya gaya mini tun ranar na ɓoye. Ya girgiza kai. Ya ce, "Kai ƙwallo kaj juya. Ni na riƙe albarka."

Ya tashi ya nufi gidansa. Na bi shi a baya, don tafiyar tasa ba ta yi mini ba. Habsatu tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ya tsaya a gabanta.

"Habsatu, ni na kashe miki yaro. Da na bar shi ya tahi Maris, da ya wuce. Ni na zaɓa mai watan ruwa."

Ba ta ajiye faifan ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Uwar Mus'ab ta hwaɗa min tun ranar ukku."

"Kin sani? Shekara biyu kina aza min tuwo kin sani?"

Sai a lokacin ta ɗago, hawaye na bin fuskarta. Ta ce, "Guda na rasa. Ban iya rasa biyu."

Illo ya zube a ƙasa gabanta yana kuka da murya, abin da bai yi ba ko ranar da na kawo masa labarin. Na fita na ja musu ƙyaure.