Zuwa Aujara Don Auna Fitilar Jarirai

Dutse

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidanmu a Yalwawa, rungume da akwatin aiki. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin kimiyya ce. Ƙawata Rabi, ungozoma a wani ƙaramin asibiti gaba da Aujara, ita ta kira ni: wani jariri mai shawara ya kwana biyu ƙarƙashin shuɗiyar fitilar magani, idonsa bai washe ba.

A tasha direba ya miƙo hannu. "Hajiya, kawo a sa a but."

"A cinyata zai zauna, Malam. Ba ya son jijjiga."

Hanya

A shingen 'yan sanda aka ce in buɗe. Ɗan sandan ya ɗago wani gwangwani mai tagar gilashi, cikinsa baƙi ƙirin.

"Wannan fa?"

"Kunne ne, Yallaɓai. 'Yar fankar nan tana yanka haske, iskar ciki ta riƙa ɗumama tana hucewa, sai ta yi ƙara, makirfo ya ɗauka. Yawan ƙarar, yawan hasken. Da shi nake saita ma'aunina na haske."

Ya kara a kunnensa, bai ji komai ba, ya ce mu wuce.

Aujara

Da hantsi muka iso. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na hau acaɓa.

Na tarar kakar jaririn, Inna Dije, ta ɗaure kaya. "Gida za mu. Ga wuta na ci, yaro yana nan yadda yake."

"Inna, ki yi min haƙuri zuwa azahar."

Ma'aunina ya nuna hasken ya yi rauni. Rabi ta ce anya ba hanya ce ta girgiza ma'aunin ba? Na haɗa gwangwanin, rugugin janareta ya hana shi jin ƙarar. Muka mayar da fitilar kan batirin sola, aka rufe ƙofa, kowa ya yi tsit. Na gwada, na sake. Gwangwani da ma'auni bakinsu ɗaya: ƙwan fitilar ya tsufa, ido kawai yake ruɗa.

Rabi ta ɗauko sabo a sito, muka sa. Allurar ma'auni ta haura.

"Yanzu zai warke?" in ji Inna.

"Waraka ta Allah ce, Inna. Amma yanzu maganin yana isa jikinsa."

Ta dube ni, ta dubi yaron, ta kwance ƙullin kayanta.

Gida

Ana kiran magariba na shiga Yalwawa, bayana kamar ya tsinke. Bayan kwana biyu Rabi ta bugo: idon yaro ya fara fari, yana kama nono sosai. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Rabi da alheri, da Inna Dije, wadda ranar suna ta aiko min da man shanu a 'yar ƙwarya.