Yatsu Biyu da Tukunyar Wankan Jego

Yatsu biyu ne sunka rage ma Inna a hannun dama, kuma da su take cin abinci. Ba ita ta haife ni ba. Ni ban san uwata ba, gidan mishan na tashi, can anka koya mini karatu da waƙa da guga, can kuma anka ɗaura mini aure da malamin asibiti. Zamanin Turawa ne, anka turo shi wani ɗan asibitin kutare kusa da Rabah, ɗaki biyu da rumfa. Inna tana cikin waɗanda sunka warke ba su koma gida ba. Tun tana jinya ta ba da gaskiya ga Almasihu, ta yi bukka bayan dangarmu, kullum tana zaune da mazari tana kaɗi. Masaƙan Wurno na son zarenta. Ba ta taɓa roƙon kowa ba, kuma tana ji da wannan ƙwarai.

Maigidana ya sha kafa mata doka a gabana: kada ta kusanci wuta, kada ta taɓa ruwan zafi. Cutar ta tafi, amma ta tafi da jin zafi, hannun na iya dahuwa mai shi na hira. In yatsun nan biyu sunka lalace, kaɗi ya ƙare.

Ni ko a lokacin, kai, ba a magana. Ina ji da kaina kamar ni na ɗauko addinin a ka na kawo. Farin kallabi, takalmi, muryata ta danne ta kowa ran Lahadi, alhali mu duka ba mu cika tabarma biyu ba. In an yi wa'azin ƙin kai, ni ce mai gyaɗa kai ta farko. Amma addu'ata guda ce safe da yamma, Allah ya fid da ni daga ƙauyen ga, a maida mu Sakkwato inda akwai majami'ar kirki da masu ganin ɗinkina.

Da na haifi ɗiyata ta fari, maƙwabciyarmu, Musulma, matar wani manomin albasa, ta shigo da ƙunshin itace da ganyen tsamiya. Ta ce tunda ba ni da uwar da zan koma wanka gidanta, ita za ta yi mini wankan jego. Kowa ya san yadda ake yi, a tafasa ruwa, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa ma mai jego safe da maraice har ta yi arba'in, don kada sanyi ya shige ta. Ni ko na tuna baturiyar gidan mishan ta ce al'adar da ce, na ji tsoron labari ya kai mata. Na ɗaga hanci a gaban matan barka na ce mu masu bi mun bar wannan. Baiwar Allah ta kwashe itacenta, ta ce Allah ya raya, ta fita.

Baki ya faɗa, zuciya ba ta yarda ba. Maigida ya fita rangadin allura wajen Rimawa da Boyekai, damina ce, gulbi ya cika ya tsare shi can. Ƙafafuna sunka kumbura, na tabbata sanyi ne zai kashe ni, na zauna ina kuka. Danga ba ta ɓoye kuka. Wanshekare na ji ƙaurin hayaki bayan ɗaki, na leƙa, sai ga Inna durƙushe gaban tukunya tana hura wuta.

Na ce, "Inna, Malam fa ya hana." Sau ɗaya na faɗa, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji a fasa.

Ta ce, "Tuɓe, ɗiyata, ruwa na hucewa."

Na tuɓe. Da yatsun nan biyu take damƙe ganyen, ta tsoma har wuyan hannu, ta fyaɗa mini tana 'yar waƙar sujada da muryarta mai kaushi. Na ji daɗin jikina, kumburi ya saɓe. Na kuma ga bororo ya taso mata a hannu, da idona na gani. Bayan 'yan kwanaki ta zo da tsumma ɗaure a wurin. Daga baya tsumman ya fara wari, na riƙa kau da fuska in ta matso. Abin da ya dame ni guda ne, na ce ta riƙa biyowa ta baya kada maƙwabta su gane ana yi mini abin da na ƙi. Ko kunun kanwar da take dama mini, a ƙoƙonta daban nake zuba mata saura.

Ran da maigida ya dawo, ko ruwa bai sha ba idonsa ya faɗa kan tsumman. Ya zaunar da ita ƙarƙashin rumfa ya kwance. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba. Ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni ko na ga wannan.

Inna ta ce, "Babu wanda yat tura ni, Malam. Ɗiyag ga ba ta da uwa, mi kaka so in yi?"

Yatsun ba su tsira ba, dole anka cire su. Tana fitowa da hannu naɗe da bandeji, abin da ta fara tambaya shi ne wa zai ƙarasa mini wankan. Da ƙafarta ta je ta ba maƙwabciyar nan haƙuri a madadina. Matar ta dawo da itacenta ta ƙarasa, ba ta ce mini uffan ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin kaka anka maida mu Sakkwato. Ran tafiya Inna ta kawo mini zanen goyo, saƙar Wurno, na zarenta na ƙarshe. Ta karɓi jaririyar tsakanin wuyan hannuwanta ta yi mata addu'a. Lahadin farko a birni na miƙe gaban jama'a da farin kallabina, na ba da shaida cewa Allah ya ji kukan baiwarsa ya fid da ni daga ƙauye. Anka yi ta tafi. Ban ambaci Inna ba.

Daga baya wani mai jaki ya gaya mana ya gan ta bakin kasuwar Tursa da ƙoƙo a gabanta. Na ce zan aika, zan aika, har labarin rasuwarta ya riga ni.

Yanzu jikata ke kai ni majami'a, mai lasifika da fanka. Kowane mako sai an yi layi ana shaida, wannan mota, wancan ƙarin girma, kowa ni, ni, ni. Nakan buɗe baki in yi tsaki, sai in tuna wa ya riga su, in haɗiye. Rannan a hanya yarinyar ta tambaye ni, wai Kaka, mi ya sa ke ba ki taɓa tashi ba, ko Allah bai yi miki komi ba? Na ce mata na riga na ba da tawa shaidar tun tuni, uwarta na goye a bayana da zanen Inna.