Motar da Ta Ƙi Wankuwa

Ina shekara ta huɗu da fara wankin mota a bakin tashar Gagarawa aka kawo mini motar mamacin. Ƙaramar motar haya ce mai zuwa Maigatari ran kasuwa. Taya ta fashe mata a hanyar Gumel, fasinjoji suka fita da 'yan raunuka, shi kuwa direban a kan kujerarsa ya cika. An gyara jikin motar, amma ba wanda ya taɓa cikinta. Ƙanensa ne ya kawo ta. Shi zai ci gaba da tuƙi, domin da ita za a ciyar da matar mamacin da yara biyar da aka bari.

"Malam, don Allah kada a wanke ta a gaban mutane," in ji shi. "Jinin Yaya na nan ƙarƙashin kujera."

Na ga gaskiyarsa. Ko gawa ma a ɓoye ake mata wanka. Muka tura motar bayan katangar wani tsohon sito, na jawo injina na feshin ruwa can. Tankin ruwa ba ya ɗaukuwa, tiyon da injin ke jan ruwa da shi kuma bai kai ba, sai na ɗauko wani tsoho a rumfa na haɗa, na ɗaure da roba.

Rana ta take, gari ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Na tayar da inji, ruwa ya fito da ƙarfinsa. Ina juya bindigar feshin cikin motar sai ta fara karkarwa a hannuna, ruwan ya koma kamar na buta. Daga nan na ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar injin, a hankali, ja da saki, kamar numfashin mai barci. Na kashe inji, ya tsaya. Ƙanen mamacin ya ja da baya.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Na tsokale bakin bindigar da allura, ba datti. Na wanke rariyar ruwa, na duba mai. Na kwance bawul ɗin nan da ke mayar da ruwa baya idan an saki bindiga, wanda masu gyara ke kira anloda, domin shi ya saba yi mini haka idan yashi ya maƙale. Sifirin ɗin da ke danne bawul ɗin lafiya, robarsa lafiya. Na mayar da injin gaba kusa da tanki, na wanke babur biyu, ruwa kamar zai huda ƙarfe. Na koma bayan katanga, sai karkarwa da numfashi.

Kwana biyu muna haka. Magana ta fita tasha.

"Mai wanki, an ce mai motar bai sallama ba?" in ji mai shayi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wani direba ya ce, "Ni dai ko kyauta ba na shiga."

Da yamma ƙanen ya same ni, idonsa ja. "Malam, in zancen nan ya kai Maigatari, wa zai hau motar? Me zan ce wa yaran nan?"

Rana ta uku na tafi ni kaɗai. Na tayar da inji, na ɗaure bindigar a buɗe, na yi bisimilla, na durƙusa ina bin numfashin da kunne. Yana ƙaruwa ne ina matsowa wajen motar. A gefen ƙofar direba tsohon tiyon ya bi. Na jiƙa hannu ina shafa shi, sai na ji wani abu ya tsotsi tafina, kamar bakin ɗan maraƙi. Saura kaɗan in ruga. Tsaga ce siririya, ba ta kai tsawon farce ba. Da yake ta wajen jan ruwa take, ba ta ɗigo, iska take zuƙa tana kai wa famfon injin.

Yanke wurin ba wuya, amma na san ko na wanke ta a ɓoye ba wanda zai yarda. Na ce wa ƙanen sai an fito da ita gaban kowa. Ya tafi ya tambayi matar wansa. Ya dawo ya ce ta yarda.

Muka turo ta bakin tasha, na mayar da inji kusa da tanki. Ruwa ya fito da ƙarfi, bai yanke ba. Abin da ya gangaro daga ƙarƙashin kujera launin ƙasa ne, ya bi ta gaban ƙafafun direbobi, ba wanda ya ɗaga tasa. Wani dattijo ya cire hula, ya yi wa mamacin addu'a, aka shafa.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, motar ta yi lodi. Ta daɗe ba ta cika ba, kuma ta tashi kujerar gaba babu kowa. Mako na gaba wata tsohuwa mai kai tumaki biyu kasuwa ta ce gwiwarta ba ta son baya, ta buɗe ƙofar ta zauna.