Gaisuwa Ta Ƙare

Akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin nan, ranar da muka zaunar da Baba Ilu a kan benci muka yi masa tambaya ɗaya sau uku. Ku sababbin ma'aikata da kuke ƙorafin an hana ku ƙara ko kalma ɗaya a takardar tambayoyi, ku saurara, daga nan abin ya samo asali.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama, na shiga ba da kati a asibiti a Kankia, har furfura ta same ni a wurin. Wata shekara bayan girbi aka zo da aikin bincike kan ciwon baya da na gwiwa da ke damun manoma. Ana yin irinsa a wasu garuruwa, daga baya a haɗa amsoshin wuri guda a gwada. Shugabarmu Likita Hadiza ce, mace marar son surutu. Ta raba mu uku. Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauki Kafinsoli. Ni aka ba ni Fakuwa don na san mutanen. Yashe, can ɓangaren Kusada, aka ba Malam Nuhu, ɗan gidan malamai, mai ladabi har ya yi yawa.

Aikin ba wuya. Ka sami mai ciwo, ka tambaye shi ƙarfin ciwonsa daga sifili zuwa goma, ka rubuta. Wanda lambarsa ta yi sama, likita ta duba shi. Takardar da Turanci take, kowa yana juya ta Hausa yadda ta zo bakinsa.

Da aka tattara takardun farko, sai ga abin mamaki. Kafinsoli kamar kowa ya kusa mutuwa, takwas, tara, goma. Fakuwa tsaka-tsaki. Yashe kuwa ɗaya, biyu, ɗaya, kamar ba a taɓa riƙe fartanya a garin ba. Babban ofis ya ce ko dai Yashe babu masu ciwo, ko mai tambayar a ɗakinsa yake cike takardun; ko wanne ne, a cire garin. In an cire Yashe an cire Malam Nuhu ke nan, kuma da sunan maƙaryaci zai tafi. Mutumin da ke jan salla a unguwarsu fa. Har cin abinci tare da mu ya daina.

Likita ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ji da kunnenta. Wata Talata da hantsi muka ɗunguma Yashe mu duka. Aka kira Baba Ilu, dattijon da takarda ta ce ciwonsa ɗaya ne. Da sanda ya zo, sai da aka riƙe shi kafin ya zauna. Likita ta ce kowa ya tambaye shi yadda ya saba.

Malam Nuhu ya durƙusa. "Baba, sannu. Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi. To cikin goma, ciwon nawa ne?"

"Ɗaya ma ya isa, Malam. An gode Allah."

Sai Sista Rabi, da muryar nan tata. "Wayyo Baba! Wannan gwiwa ai ta cinye ka! Kana ma barci kuwa? Cikin goma nawa?"

Baba Ilu ya dubi gwiwar kamar yau ya fara ganinta. "Wallahi ɗiyata, tara."

Sai ni. Na ce, "Baba, kana zuwa gona?" Ya ce yana lallaɓawa. Na ce, "To biyar ke nan?" Ya ce, "Yadda ka ce, Sule."

Ranar na fara ganin haƙoran Likita. Ta ce, "Baba, mutum ɗaya, gwiwa ɗaya, lamba uku. Wacce ce gaskiya?"

"Duka, Likita. Malam gaishe ni ya yi. Mi zan ce wa malami in ya ce ya jiki? In ce babu sauƙi, in yi wa Allah butulci? Wagga kuma ta tausaya mani, ban so tausayinta ya faɗi ƙasa banza. Wanga ko, shi ya tambaya shi ya amsa. Na ga a gajiye yake, na bar shi."

Ni kam a gajiye nake, ban musa ba. Dariya muka yi har Sista ta dafa mota. Malam Nuhu yana yi yana share hawaye da bakin riga, don ya san an wanke sunansa.

A gindin wata bishiya muka zauna muka rubuta tambayar da Hausa, kalma-kalma. Sista ta ce a sa kalmar zafi, Baba Ilu ya ce zafi na rana ne. Aka kawo zogi, aka ce na ƙurji ne. Muka tsaya a kan ciwo. Likita ta so a bar gaisuwa gaba ɗaya, Malam Nuhu ya ce, "Ranki ya daɗe, wanda ya shiga gidan mutum bai gaishe shi ba, ko ruwa ba za a ba shi ba." Aka daidaita: ka gaisa har ka ƙoshi, sannan ka ce, "Gaisuwa ta ƙare, yanzu tambayar asibiti ce." Daga nan ka karanta abin da ke rubuce. Babu wayyo, babu sa wa mutum lamba a baki.

Muka gwada a kan Baba Ilu. Malam Nuhu ya karanta. Dattijon ya ce, "Bakwai. In zan tashi daga sujada ne ke kai ni ƙarshe." Sista ta karanta, bakwai. Da na karanta ya ce, "Bakwai na ce, ko kurame ne ku?"

Likita ta aika wa babban ofis, suka ce sauran garuruwan ma su bi wannan rubutun. Muka sake zagaya ƙauyukan uku. Kafinsoli ta sauko, Yashe ta hau, ba a cire kowa ba. Malam Nuhu ya dawo cin tuwo da mu, har da ƙari.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙarya suke yi ba. Fuskarka suke amsawa, ba takardarka ba. In bakinku bai zama ɗaya ba, ba ciwonsu kuke aunawa ba, halinku kuke aunawa.

Kuma ku sani abin yana juyowa kan mai shi. Da za mu shiga mota ranar, Baba Ilu ya ga na dafa ƙugu. Ya ce, "Sule, ya bayan?" Na ce da sauƙi. Ya ɗaga sanda ya nuna ni. "To gaisuwa ta ƙare. Nawa?"

Na duba hagu, na duba dama, na ce takwas. Ashe Likita tana bayana. Washegari ni ne na farko a layin ganin likita, da katin da na yanka wa kaina.