Mudi da Ramukan Duniyar Mars

Alu yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa a ƙarƙashin rumfarsa a Aliero sai waya ta yi ƙara. Lailatu ce, ɗiyar amininsa Mudi. Rijiyar da babanta ke haƙa a Gumbin Kure ta rufta da shi, an ciro shi babu rai. Alu ya yi salati ya zauna kan buhu.

Tare suka yi karatun allo a Jega Magaji. Alu ya kama noman albasa, Mudi ya gaji haƙar rijiya wurin mahaifinsa. Gajere ne mai barkwanci. In ya kurɓi ruwan gidanka sai ya gaya maka ko daga yashi ya fito ko daga marmara, ya kuma kushe shi in ba shi ya haƙa ba.

Bara Lailatu, wadda ke jami'a, ta nuna masa hotunan duniyar Mars a waya: jar ƙasa, busassun hanyoyin ruwa, da wasu zagayayyun ramuka a jere. Ta ce wasu na raɗe-raɗin aikin wasu halittu ne, amma masana sun ce ƙasa ce ta burma da kanta. Mudi ya daɗe yana kallo. A idonsa rijiyoyi ne. Wasu mahaƙa ne suka bi ruwa yana gudu ƙasa har suka ƙare. Shi kuwa ya san duk rani ruwan fadama ƙara nisa yake.

Daga nan dariyarsa ta ragu. Ko ya cimma ruwa ba ya tsayawa, sai ya ci gaba da haƙa cikin yashi mai zubewa, wai kada rijiyarsa ta ƙafe wa jikokin wani. Alu ya shiga fargaba, har ya zama ko wa ya kira shi a waya sai ya zaci mugun labarin Mudi ne.

Haɗuwarsu ta ƙarshe a tashar Jega ce, Mudi na saɓe da igiya.

"Don Allah in ka ga ruwa ka hito," in ji Alu. "Ramukan can ba naka ba ne."

"Kai dai tsoro gare ka, sarkin albasa. In wani ya leƙo mu daga sama, so nike ya ga ruwa cikin nawa."

"Ni kai nike son gani."

Mudi ya yi murmushi ya gyara igiyarsa. "To aje mini manya-manya, ban da ruɓaɓɓun nan naka. Ina nan tahe."