Rabin Kitson Yaya Balki

Matso kusa ka ji, mai karatu, maganar ga ba ta son ɗaga murya. Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Balki. Ta rasu lokacin Jihar Kebbi tana jaririya, ba a daɗe da kafa ta ba.

Ni ke yi mata kitso a tsakar gidanmu na Jega. Ɓangaren dama mukan gama lafiya, muna hira. Da na juya kanta sai ta cafke min hannu, ta ce wuta ta taso daga wuya ta gangara har yatsu. Haka take ɗaura kallabi bisa rabin kitso.

An kai ta Aliero wurin masu ɗori. Dattijon ya shafa, ya latsa, ya ce ƙashi lafiya lau. Daga nan magana ta juya. Dangin mijinta na Maiyama suka ce son jiki ne, ɗaukar kwandon albasa take gudu. Wannan ya fi ciwon ƙona mata rai.

Wata rana da hantsi, kanta bisa cinyata, ta ce, "Ƙanwata, sa kunnenki nan ga. Ko ke kaɗai ki shaide ni." Na sa a wuyanta. Sai na ji abu na tafiya shuu, shuu, kamar ruwa ya sha kwana a lambu. Ji na yi ko so ne ya jiyar da ni, har yau ban sani ba. Na dai ce mata na ji. Nan take barci ya ɗauke ta.

Bara ɗiyarta Hauwa ta fara irin wannan kukan. A Sakkwato aka ɗauki hoton cikin wuyanta. Likita ya ce jijiyar jini mai hawa kai ce ta naɗe kamar gammo, tana danne jijiyar da ke sauka hannu. Ban ce abin da ya damu Yaya ke nan ba, ita zazzaɓi ne ajalinta. Amma nakan hango ta riƙe da hoton, ta ɗaga shi saitin rana tana murmushi, tana cewa a biya da shi ta Maiyama.

Ba ta bar gona ko gida ba. A hannuna ta bar abinta: har gobe ba na juya kan yarinya sai na tambaye ta ko da zafi. Allah ya jiƙan Yaya.

Kai fa, in naka ya ce maka ga inda ke masa ciwo, sai an kawo hoto za ka kai kunne?