Ɗan Fashin Ruwan Da Bai Iya Iyo Ba

Ni na kawo wasan nan gidanmu, da hannuna. A Yamai na koyo shi wajen ɗalibai ƴan'uwana, lokacin da nake karatun koyarwa. Wasa ne na baki. Mutane su zauna su kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiro mutum ɗaya ya zama shi, ɗaya kuma ya riƙe labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya tunkaro. In ka ce mutuminka zai haura katanga, sai ka jefa ƙwayar ludo, ita za ta ce ya haura ko ya karya ƙafa. Da na dawo Gaya na ajiye shi a raina kamar yadda ake ajiye tsohon zane, ban sake waiwayarsa ba sai da Auta ya ishe ni.

Auta ƙanena ne, mu biyu muka rage. Babanmu matuƙin jirgi ne, kogi ya ci shi Auta yana goye. Tun daga ranar Inna ta raba yaron da ruwa. Ko wanki za mu je bakin kogi, a gida ake barinsa, in kuwa aka ga laka a ƙafarsa, ni ce mai tsumagiya. Da ciwon ajali ya kama Inna, ta sa hannunsa a cikin nawa ta ce masa, "Ba ka ba taka jirgi sai da sallamar yayarka." Ya ce ya ji. Auta yana da taurin kai kamar jakin kasuwa, amma bai taɓa karya maganar Inna ba.

Sai aka rufe gadar kan iyaka. Duk kayan da manyan motoci ke ƙetarewa da su suka koma kan kwalekwale, samarin unguwarmu kuma suka kwarara bakin kogi. Auta ya faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, sau biyu, yana zaune yana kallon sa'o'insa suna dawowa da yamma, wando a jiƙe, sabuwar salula a hannu. Wani mai jirgi da ya san babanmu ya ce zai ɗauke shi. Ya zo ya durƙusa ya roƙe ni, na ce a'a. Ya sake, na ce a'a. Har a'a ta zama gaisuwarmu. Ina jin tausayinsa, ina kuma jin tsoro, tsoron ya fi yawa.

To, wayon malamai ne ya ci ni. Na ce tunda ruwa yake so, bari in ba shi ruwa a kan faranti. Ranar wata Asabar bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, na ɗauko farantin shayi da ƙwayar ludo, na aika aka kira abokinsa, wani tela mai surutu da ke bakin layinmu. Na yi musu bayani. Telan ya ce shi boka zai zama, mai ba da sa'a, don a rayuwa ma abin da ya rage masa ke nan. Auta yana ta murza kofin shayi.

"Akwai jirgi a ciki?" ya tambaye ni.

"Akwai duk abin da na ce akwai."

"To ni ɗan fashin ruwa ne."

Na yi dariya. Abin da nake so ke nan.

Gina mutumin ya cinye mana yammacin nan gaba ɗaya. A Yamai da takarda da alƙalami ake yi, ni kuwa na debo ƙwallayen tsamiya cikin tafin hannu na zuba masa, na zana gurabe huɗu a ƙasa da tsinke: ƙarfi, wayo, iya magana, da iyo. Na ce ya raba yadda ya ga dama, inda ya tara da yawa nan mutuminsa zai fi gwaninta. Ya zuba kusan rabi a ƙarfi. Ya kai wa wayo nasa, ya ɗan yafa wa magana. Gurbin iyo ya bar shi fayau.

"Kai, wane irin ɗan fashin ruwa ne ba iyo?" in ji telan. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan matuƙi guda!"

"Ban san yadda ake yi ba," Auta ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba. "In ya faɗa ruwa Yaya ta ce me zan yi, me zan ce mata?"

Na wayance da zuba shayi. Na ce doka ce sai an sa ko ɗaya ne. Ya ɗauki ƙwallo ɗaya daga ƙarfi ya ajiye a gurbin, kamar mai ba da sadaka.

Da muka zo kan makami na miƙa masa takobi, ya ƙi. Ya ce wa ya taɓa ganin takobi a kogin nan? Zago yake so, mashin nan mai igiya da masunta ke farautar dorina da shi, da filafilin tuƙi na icce mai nauyi, wanda in an maka wa mutum sai ya manta sunan kakarsa. Ya ce mutuminsa ba ya taɓa jirgin mata masu kai kifi da albasa kasuwa, manyan ƴan kasuwa yake tarewa. Ya ce yana tsayawa a bayan jirgi, ƙafar hagu a gaba, don in igiyar ruwa ta bugo kada ta same shi a miƙe. Na dube shi. Wannan ba daga bakina ya ji ba, kuma ba a koyar da shi a ajin lakwal. Ashe duk shekarun nan yana tsaye daga nesa yana kallo.

Makonni muka yi muna wasan. Ya tare jiragen gishiri, ya yi faɗa da ƙattai a kan tsibiri, bokansa yana bayansa yana tofe-tofe yana gudu in abin ya yi zafi. Auta ya koma cin abinci da kyau. Ya daina durƙusa mini. Na ce a raina magani ya ci, har na fara yi wa kaina kirari a makaranta.

Duk labarin da na ba su, ban taɓa barin jirginsa ya kife ba. In ƙwayar ta faɗi ba daidai ba, sai in kawo gaɓa kusa, ko in sa iska ta kwanta. Telan ya lura, ya ce wannan kogin na Yaya ko kaza ba ya ci.

Rannan na ce musu an ji labarin wani babban jirgi can ƙasa, tafiyar kwanaki, sai su shirya. Auta ya gyara zama.

"Kafin ya tashi, zai je gida," ya ce.

"Yana da gida?"

"Yana da yaya mace. Ita ta raine shi. Ba ya tafiya mai nisa bai yi mata sallama ba."

A wasan nan, duk wanda ba na ƴan wasa ba ne, mai riƙe labari ke yi masa magana. Ni ce mai sayar da gishiri, ni ce sarkin tsibiri, ni ce dorina. Don haka ban ji komai ba, na ce to, ga ta nan tana tankaɗe a tsakar gida. Auta ya tashi daga zaune ya durƙusa a kan tabarma, ya sunkuyar da kai, yadda duk matafiyi ke yi a garin nan in zai kama hanya.

"Yaya, zan shiga ruwa. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini. Ki sallame ni."

Telan yana ta ƙyaƙyata dariya, wai yaro ya iya wasa. Ni ma na maƙale murya irin ta tsofaffi, na ɗora masa hannu a ka.

"Na yafe maka duniya da lahira. Je ka, na sallame ka. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da kai lafiya."

"Amin," in ji shi. Ya daɗe bai ɗago ba.

Washegari da hantsi ina shara ya fito da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa a inda ya durƙusa jiya.

"Yaya, zan tafi. Mai jirgin yana jira."

"Da izinin wa?"

"Jiya kin sallame ni. Hannunki a kaina. Akwai shaida."

"Wasa ne, Auta. Kai ma ka san wasa ne."

"Ni ban yi da wasa ba. Kuma bakin naki ne."

Na yi faɗa. Na kira shi macuci, na ce ya yi wa Inna wayo tana kabari. Da na gaji ya ce, a hankali, "To ki janye. Ki ce ba ki yafe ba, ki ce kada Allah ya kiyaye."

Na buɗe baki. Magana zarar bunu ce, amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Na dubi jakar, na dubi idonsa, na gane yau ko na janye tafiya zai yi. Abin da ya rage a hannuna kawai shi ne ya hau ruwan da albarkata ko ya hau shi da bakina a bayansa, yaron da ko a kwatami bai taɓa wutsil-wutsil ba. Ban taɓa jin na rasa yadda zan yi kamar safiyar nan ba. Na jingina tsintsiyar, na sake ɗora masa hannu a ka, na maimaita abin da na faɗa jiya, wannan karon da muryata.

Ban raka shi bakin kogi ba. Na koma gindin mangwaro na zauna. Guraben nan huɗu suna nan a ƙasa yadda muka bar su, ba wanda ya share. Na daɗe ina kallon ƙwallo ɗayan nan. Daga nan na durƙusa, na kwashe na ƙarfi, na kwashe na wayo da na magana, na tara su duka a gurbin iyo.